Masu sa ido na ƙasashen waje a zaɓen ƙasar da ake yaƙi: me suke gani da idonsu?

Ɗalibar Shari'a

Assalamu alaikum malamai. Tambaya ce da ni kan tawagogin ƙasashen waje da ke zuwa sa ido a zaɓe, irin na Tarayyar Turai, Tarayyar Afirka, ECOWAS da Cibiyar Carter ta Amurka. Idan ƙasa na fama da 'yan tada ƙayar baya, har wasu yankunanta sun kuɓuce wa gwamnati ko hanyar zuwa can ba ta biyuwa, yaya suke aiki? A zaɓen Najeriya na 2015 tawagar Tarayyar Turai ba ta tura kowa Arewa maso Gabas ba saboda Boko Haram, amma ta fitar da rahoto a kan zaɓen ƙasar baki ɗaya. Da wace hujja ake yanke hukunci a kan wurin da ba a taka ba? Ina neman bayanin matakan aikin dalla-dalla, da inda yake lalacewa, da abin da mai karanta rahoton ya kamata ya duba kafin ya gaskata shi. Allah ya ƙara ilimi.

Mai Bin Diddigi

Wa alaikumus salam, Malama. Bari in ɗauki tsarin Tarayyar Turai, don shi ne ya fi fitowa fili, sauran ma kusan haka suke yi sai dai bambancin girma da tsawon zama.

Babu tawagar da ke zuwa ba gayyata. Gwamnati ko hukumar zaɓe ce ke aika takarda. Daga nan sai a turo 'yan share fage watanni kafin zaɓe, su duba abu uku: ko sa idon zai yi amfani, ko ya dace a siyasance, ko kuma zai yiwu ta fuskar tsaro da sufuri. A ƙasar da ake yaƙi na ukun nan shi ke cinye sauran. Idan an amince, sai a sa hannu a yarjejeniya da gwamnati da hukumar zaɓe, wadda ta ba tawagar 'yancin zirga-zirga, ganawa da wanda ta ga dama, shiga rumfunan zaɓe da wuraren tattara sakamako, da faɗin abin da ta gani ba tare da an tace mata ba. Tushen wannan shi ne Sanarwar Ƙa'idojin Sa Ido kan Zaɓe ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka amince da ita a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 2005.

Rukunin farko da ke sauka su ne ƙwararru: na shari'a, na gudanar da zaɓe, na siyasa, na kafafen watsa labarai, na alƙaluma, tare da jami'in tsaro. Sukan iso makonni shida zuwa takwas kafin zaɓe, su zauna a babban birni. Sai masu dogon zango, da ake rarrabawa bibbiyu zuwa jihohi ko larduna kamar wata guda kafin ranar, kowane biyu da direba da mai fassara. Sai masu gajeren zango da ke zuwa saura 'yan kwanaki. Ranar zaɓe mutum biyu kan zaga rumfa kamar goma, su yi kusan rabin awa a kowace suna cika fom, su ga buɗewa a wuri ɗaya, su ga rufewa da ƙirga a wuri ɗaya, sannan su bi sakamakon zuwa inda ake tattarawa. Bayanin wucin gadi na fita cikin kwana biyu, cikakken rahoto bayan wata biyu ko uku.

To ki yi lissafi. A ce tawaga na da rukuni 60 a fili, kowane ya ga rumfa 10, an sami 600 ke nan. Najeriya na da rumfuna 176,846. Abin da aka gani bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A zaman lafiya wannan ba aibi ba ne, matuƙar rumfunan sun warwatsu a ko'ina, birni da ƙauye, yankin mai mulki da na 'yan hamayya. Yaƙi shi ke rusa wannan warwatsuwar. Jami'in tsaron tawaga yana raba taswirar ƙasa gida-gida: inda za a je kai tsaye, inda sai da sharaɗi, da inda ba a zuwa ko kusa. Maganarsa ce ta ƙarshe, kamfanin inshora kuma na bayansa. Sharuɗɗan su ne irin su a koma masauki kafin faɗuwar rana, kada a bar titin kwalta saboda nakiya, kada a yi nisa da asibiti ko filin jirgi. Dubi abin da sharaɗin farko kaɗai ke jawowa: ƙirga da tattara sakamako sau da yawa da dare ake yin su, wato daidai lokacin da aka fi yin aika-aika ne mai sa ido ke cikin otal.

Rakiyar sojoji ma ba ta warware matsalar, sabuwa take haifarwa. Wanda ya iso ƙauye cikin ayarin motoci masu sulke, an san da zuwansa tun jiya, kwamandan ayarin ne ya zaɓi hanya, kuma babu talakan da zai gaya masa soja sun hana mutane fitowa alhali soja na tsaye a bayansa. Idan gwamnatin da ke takara ita ce mai sojan, to ta zaɓa wa mai sa ido abin da zai gani.

Idan hatsarin ya yi yawa sai a rage girman aikin. Maimakon cikakkiyar tawaga a turo ƙwararru kaɗan su zauna a babban birni, su yi nazarin doka da takardu, ba tare da da'awar sun ga ranar zaɓe a faɗin ƙasa ba. A zaɓen Iraƙi na 30 ga Janairun 2005, tawagar da shugaban hukumar zaɓen Kanada Jean-Pierre Kingsley ya jagoranta a Amman ta ƙasar Jordan ta kafa sansani, ta dogara da takardu da rahotannin mutanen cikin gida. A Afganistan kuwa, harin da aka kai otal ɗin Serena a Kabul ranar 20 ga Maris na 2014 ya halaka mutum tara, cikinsu har da ɗan tawagar NDI, wata ƙungiyar Amurka mai sa ido a zaɓe, kuma wasu ƙungiyoyi sun kwashe mutanensu saura mako biyu a yi zaɓe. Hari ɗaya a kan masauki ɗaya ya isa ya kwashe idon waje daga ƙasa guda, kuma masu kai harin sun san haka.

Malam Lissafi

Malam Mai Bin Diddigi ya kawo tsarin, ni kuma zan tsaya a kan abu ɗaya da nake ganin shi ne zuciyar tambayar. Inda mai sa ido ba ya iya zuwa, nan ne wakilin jam'iyyar hamayya ba ya iya zuwa, nan ne ɗan jarida ba ya zuwa, nan ne kuma maguɗi ya fi sauƙi. Saboda haka giɓin da ke cikin rahoton ba giɓi ne na kaddara da ya faɗa ko'ina ba, ya faɗa ne daidai inda ciwon yake.

Zaɓen shugaban Afganistan na 20 ga Agustan 2009 shi ne darasin da kowa a wannan fage ya kamata ya haddace. An sa rumfuna a jerin hukuma a yankunan kudu da gabas inda Taliban ke da ƙarfi, aka aika musu takardun ƙuri'a, ba kowa ya je ya gani ba. Wasu ba su buɗe ba sam, wasu mutane kaɗan suka zo, amma akwatuna suka dawo maƙil. Ana kiran su rumfunan bogi. Ba mai sa ido ba ne ya kama su da idonsa, alƙaluma ne suka tona asirin. Kowace rumfa an ba ta takarda 600. Hukumar sauraron ƙorafin zaɓe, wadda uku daga cikin mambobinta biyar Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta naɗa su, ta ba da umarni a binciki duk rumfar da ta kawo ƙuri'a 600 ko fiye, da duk wadda ɗan takara ɗaya ya kwashe kashi 95 ko fiye. Rumfuna sama da 3,000 suka faɗa wannan ma'auni. Aka zaɓo wani kaso daga cikinsu aka buɗe akwatunan, aka tarar da alamun da hannu ɗaya ya yi, da takardun da ba a ko ninke ba alhali ba za su shiga bakin akwati ba sai an ninke. An soke ƙuri'a sama da miliyan ɗaya, shugaba mai ci Hamid Karzai ya sauko daga kusan kashi 55 zuwa ƙasa da 50, aka sa zagaye na biyu, sannan abokin takararsa Abdullah Abdullah ya janye. A 2014 rikicin ya fi haka, har sai da aka sake tantance dukkan ƙuri'un zagaye na biyu, kusan miliyan takwas.

Daga nan za ki ga abin da tawaga mai hankali ke nema tun kafin zaɓe, ba bayansa ba. Na farko, cikakken jerin rumfunan da za su buɗe da waɗanda aka ce ba za su buɗe ba, da lambar kowace da yawan masu rajistarta, a wallafa shi makonni kafin a raba kaya. Rumfar da jami'an tsaro suka ce ba za su iya karewa ba, kada a aika mata takarda ko ɗaya. Takardar ƙuri'a da ta fita daga ma'ajiya zuwa wurin da babu shaida, ƙuri'a ce da ke jiran mai dangwala ta. Na biyu, lambobin hatimin akwatuna da lambobin daurin takardu, a rubuce, daga ma'ajiya har dawowa. Na uku, wanda ya fi kowanne, sakamako rumfa-rumfa a bainar jama'a, ba jimillar gunduma ba. Da shi mutum na zaune a babban birni zai iya ganin cewa gundumar da rabin mutanenta suka yi hijira ta kawo fitowar kashi 90, yayin da birnin da ke zaman lafiya ya kawo 40. Ba tare da shi ba, ko ƙwararru ɗari aka tara babu abin da za su auna.

A Mali a 2018 abin da tawagar Tarayyar Turai ƙarƙashin Cécile Kyenge ta matsa a kai ke nan: a fitar da jerin wuraren da ba a yi zaɓe ba, a kuma wallafa sakamakon kowace rumfa. Daga rumfuna kusan 23,000, sama da 800 ba su yi aiki ba a zagayen farko na 29 ga Yuli, kusan 500 kuma a zagaye na biyu na 12 ga Agusta, mafi yawansu a yankin Mopti.

Akwai kuma ƙirgen gefe da ƙungiyoyin cikin gida ke yi, irin wanda gamayyar ƙungiyoyin sa ido ta TMG ta yi a Najeriya a 2015 da wanda ƙungiyar Yiaga ta riƙa yi daga baya. Ana zaɓo rumfuna ta hanyar caca ta kimiyyar alƙaluma, a zaunar da mutum a kowace tun safe har a liƙa sakamako, ya aiko da lambobin ta saƙon waya. Ƙarfinsa shi ne ba mutum ne ya zaɓi rumfunan ba. Rauninsa a lokacin yaƙi shi ne rumfunan da suka yi shiru. A ce samfurin, wato rumfunan da aka zaɓo, 1,500 ne, 60 ba su aiko ba saboda an tare hanya ko an ƙona turakun sadarwa. Kashi 4 ke nan, kuma duk daga yanki ɗaya, mai yiwuwa mai ra'ayin siyasa iri ɗaya. Kuskuren da ake yi shi ne a musanya su da rumfunan kusa da titi don a cika adadi. Wannan ya ɓata samfurin gaba ɗaya. Daidai shi ne a bar su a matsayin waɗanda suka ɓace, a lissafa sakamakon sau biyu, sau ɗaya kamar duk sun tafi ga wannan, sau ɗaya kamar duk sun tafi ga wancan. Idan wanda ke gaba bai canja ba, an sami amsa. Idan ya canja, ƙungiyar ta fito ta ce ba ta iya tabbatarwa.

Lauya Mai Zaman Kansa

Ƙarin da zan yi, Malama, ta ɓangaren da kike karanta ne. Mafi girman hukunci a irin wannan zaɓe ana yanke shi tun kafin mai sa ido na gajeren zango ya sauka daga jirgi: wa ke da ikon cewa ba za a yi zaɓe a wuri kaza ba, bisa wane ma'auni, kuma wace kotu za a kai ƙara.

A Najeriya a 2015, shugaban INEC Farfesa Attahiru Jega ya sanar ranar 7 ga Fabrairu cewa an ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, bayan hukumomin tsaro sun ce ba za su iya ba da kariya ba saboda farmakin da za su kai wa Boko Haram. A takarda hukumar ce ta ɗage, a aikace waɗanda ke ƙarƙashin shugaban da ke takara ne suka ɗaure mata hannu. Tawaga ta gari dole ta faɗi wannan ƙarara, ko da ɗagewar ta zo da alfanu kamar ƙarin lokacin raba katin zaɓe.

Burkina Faso ta bi wata hanya. A Agustan 2020 majalisa ta gyara dokar zaɓe yadda za a iya tabbatar da sakamako da ƙuri'un wuraren da aka samu yin zaɓe kawai, idan larura ta hana sauran. Aka yi zaɓe ranar 22 ga Nuwamba, ƙauyuka sama da dubu a arewa da gabas suna waje. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, zaɓen 27 ga Disamban 2020 ya zo ana tsakiyar farmakin gamayyar 'yan tawaye, kuma alƙaluman kotun tsarin mulki sun nuna kusan kashi 35 na masu rajista ne suka yi zaɓe. Nan ki kula da dabarar da ake yi da lissafin fitowa: idan aka raba ƙuri'u da masu rajistar rumfunan da suka buɗe kawai, adadin zai yi kyau ƙwarai. Idan aka raba da dukkan masu rajista, sai gaskiya ta fito. Mafi muni, waɗanda ba a ma yi wa rajista ba saboda ma'aikata ba su isa garinsu ba, ba sa cikin kowane lissafi.

Zaɓen majalisa ya fi na shugaban ƙasa wahala a nan. Shugaban da ya ba da ratar miliyoyi zai iya cewa ƙuri'un da aka rasa ba za su canja komai ba. Ɗan majalisar da mazaɓarsa ce gaba ɗaya ke hannun 'yan bindiga fa? Mali a 2020 ta yi zaɓen majalisa ranar 29 ga Maris, kwana huɗu bayan an sace jagoran hamayya Soumaïla Cissé yana yaƙin neman zaɓe a yankin Niafunké. Daga baya kotun tsarin mulki ta juya sakamakon kujeru kusan 30, zanga-zanga ta ɓarke, sojoji suka kifar da shugaban ƙasa Ibrahim Boubacar Keïta ranar 18 ga Agusta. Matakin kotu ne ya kunna wutar, kuma shi ne matakin da yawancin tawagogi sun riga sun koma gida.

Sai 'yan gudun hijira. A 2015 an buɗe musu cibiyoyin zaɓe a Borno, Yobe da Adamawa, ƙananan hukumomi da dama na Borno a Maiduguri suka yi nasu zaɓen. Wanda ya tsallaka wata jiha ko Nijar ko Kamaru bai samu ba. Sansani wuri ne da mai sa ido zai iya isa, don haka ya kamata a tsananta bincike a nan: katin kowa na hannunsa ko na hannun wani shugaba, wa ke raba abinci kuma ko ana haɗa shi da zaɓe, ko 'yan hamayya sun sami izinin shiga yin kamfe, ko akwatin kowace mazaɓa daban yake, ko akwai sirri a wurin dangwalawa. Mutumin da cinsa da kwanansa ke hannun gwamnatin jiha, 'yancin zaɓensa na bukatar kariya ta musamman.

Ɗalibar Shari'a

Na gode ƙwarai, malamai, na ƙaru. Amma idan haka ne, ba gara su ƙi zuwa ba? Zuwan nasu ba ya zama tambarin amincewa ga zaɓen da ba su gani ba?

Hajiya Mai Sa Ido

'Yata, wannan tsoron yana da tushe, sanarwar 2005 ɗin ma ta yi maganarsa: ƙungiya kada ta tura tawaga inda zuwanta zai zama kamar halasta zaɓen da a fili yake ba na gaskiya ba ne. Amma ban yarda ƙin zuwa shi ne magani a yawancin lokuta ba. Gwamnatin da ke son tambari ba ta rasa mai buga mata. Idan masu tsauri suka ƙi zuwa, za a gayyato masu kwana uku, su zaga rumfunan babban birni, su ce an yi lafiya.

Dubi Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 2023. Tarayyar Turai ta soke shirin baza masu sa idonta a ƙarshen Nuwamba, bayan an kasa daidaitawa kan kayan sadarwar da tsaronsu ya dogara da su. Aka yi zaɓe ranar 20 ga Disamba ban da yankunan Masisi da Rutshuru saboda 'yan tawayen M23, ban da yankin Kwamouth kuma saboda rikicin can. Nauyin ya koma kan tawagar cocin Katolika da na Furotesta, mai mutane dubbai a faɗin ƙasar. Kullum haka abin yake. Wanda ke gani da ido a yankin hatsari ɗan ƙasa ne, malamin makaranta ko ɗalibi ko ma'aikaciyar jinya, ba shi da mota mai sulke, ba shi da jirgin da zai kwashe shi, kuma gobe a garin zai kwana. Ma'aikatan zaɓe ma haka. A Nijar ranar zagaye na biyu, 21 ga Fabrairun 2021, ma'aikatan hukumar zaɓe ta CENI bakwai suka rasu da motarsu ta taka nakiya a yankin Dargol na jihar Tillabéri.

Saboda haka amfanin baƙo shi ne ya zama garkuwa da lasifika ga na gida. Shi ke iya zama da shugaban hukumar zaɓe ya nemi jerin rumfuna a ba shi. Shi ke iya faɗin abin da ɗan ƙasa zai faɗa a kama shi. Amma akwai ƙa'idojin da dole a kiyaye kan na gida, kuma ana yawan karya su. A ɗauki mutum daga mazaɓarsa, kada a kai baƙon fuska. Kada a sa masa riga ko hula mai tambari inda 'yan bindiga suka haramta zaɓe, katin shaidarsa ya zauna a aljihu har ya shiga rumfa. Saƙonsa ya zama lambobi, ba sunaye ba, ya goge bayan ya aika. A tsara masa hanya ta biyu idan babu sabis, da lokacin da za a neme shi idan ya yi shiru. A gaya masa tun a horo cewa yana da ikon barin wurin ba tare da ya nemi izini ba, kuma ba za a hana shi kuɗinsa ba. Kada a taɓa sa sunan ƙauyensa a rahoto idan mutum ɗaya ne ya je can, don kowa zai gane shi.

Laifin da nake ɗora wa wasu tawagogin waje shi ne su kwashi bayanan waɗannan mutane su zuba a rahotonsu kamar su suka gani. Dole a bambanta "mun gani" da "an gaya mana", a kuma faɗi ta yaya aka tabbatar da na biyun.

Mai Bin Diddigi

Hajiya ta yi gaskiya. Malama, game da ɓangaren ƙarshe na tambayarki, ki fara karanta rahoto daga sashen da ke bayanin yadda aka yi aikin, ba daga shafin farko ba. Ki nemi adadin rumfunan da suka ziyarta, a jihohi nawa, da sunayen yankunan da ba su je ba, sannan ki ɗauko rajistar hukumar zaɓe ki haɗa masu rajistar waɗannan yankuna ki kwatanta da ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. Ki duba ranar da suka iso da ranar da suka tafi, ko sun ga rajista da shari'ar ƙorafi. Ki duba ko sun halarci tattara sakamako ko ƙirgen rumfa kawai. Kalmar "cikin lumana" a bayanin kwana biyu tana nufin ba a yi harbi a inda suke ba, ba ta ce komai kan garin da aka hana fita. Kuma ki jira cikakken rahoton, ki kwatanta shawarwarinsa da na zaɓen da ya gabata. Idan kika ga an sake neman a wallafa sakamako rumfa-rumfa, to na baya ba a aiwatar ba, kuma alƙaluman yankunan yaƙi a wannan karon ma babu wanda ya iya tantance su.